Yarinyar da Ke Kai Tuwo Rudu

Madawa, Litinin 5 ga Afirilu 1982, bayan la'asar

Muna da baƙo. Haka na yi niyyar kiran shi a nan, amma mi za ni ɓoye wa takarda? Bilal ne, ƙanen matata Cima. Shekaranjiya ya iso a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Daga arewa ya hito, can bayan iyaka, inda samarin Garhanga ke zuwa neman aiki, inda bana ba a son a ji an ce mutum ya taka. Ban tambaye shi abin da ya yi can ba. Shi ya ce bai yi komi ba. Duk waɗanda jandarma sunka ɗauka tun bayan damina haka sunka ce, kuma ban ga wanda ya dawo ba.

Na sa shi cikin rudu, bukkar karan da nike ajiyar albasa a bayan gida, kusa da garken awaki. Mun ture albasar gefe guda, munka ba shi tabarma da buta.

Cima ta so in sa shi cikin kamiyo, motata ta ɗaukar albasa, Surajo direbana shi wuce da shi kudu a ƙarƙashin bash, tamfol ɗin da ake ruhe kaya. Na ce a'a. Shingen jandarma nawa ke kan hanyar nan? In anka ɗaga bash, motar ta tahi ke nan. Ni da na bar kwaleji a aji na uku, na fara da dakon buhu a tasha, ba wanda ya taɓa ba ni ko igiya kyauta, ba ni yin caca da motar nan don surukin da bai nemi shawarata ba ranar da zai tahi. Shi zauna har abin ya lafa.

Ba Bilal ke hana ni sukuni ba. Babba ne, ya iya shiru. Yarinyar ce. Ta gan shi.

Talata 6, da hantsi

Yarinyar ɗiyata ce ta fari, shi ya sa ba ni kiran sunanta, ba ni ɗaukarta, ba ni zama hira da ita. Haka ubana ya yi da yayana, ba wanda ya mutu. Tun da anka yaye ta tana Urno wajen tsohuwata, sai bara da tsohuwa ta rasu anka maido ta. Shekararta huɗu da 'yan watanni. In mun haɗu a tsakar gida takan tsaya ta kalle ni yadda yara ke kallon mai allura.

Kuma ita ce dole ta riƙa kai mishi abinci. Katangar da ke tsakaninmu da Baba Takawa ba ta wuce ƙirjin mutum ba, tsohon kuwa wuni yake kan kujerarshi a gindinta. In ya ga ni ko Cima muna zarya rudu da kwano, ba sai an gaya mishi ba. Amma yarinya da 'yar tsanarta da ƙaramin kwano, wa zai kula? Ni na kawo dabarar. Jiya na ga ta yi kyau.

Yau na ji Cima tana ce mata: “Kar ki gaya wa kowa Kawu na nan.”

“Don mi?”

“Don kar su sani.”

“Ai sun sani.”

“Wa ya sani?”

“Kowa. Ai ga shi can.”

Ta nuna rudu da hannu kamar mai nuna rana.

Laraba 7, bayan azahar

Tana wasan ɓuya da ɗiyan maƙwabta a ƙofar gida. Ta cusa kanta cikin kwando, ƙafafunta da gindinta duk a waje, tana kira: “Ba ku gani na! Ba ku gani na!” Matan da ke wucewa sunka yi ta dariya. Ni na shiga zaure na zauna. Ran mutum ke hannun wagga.

Alhamis 8, bayan magariba

Abin ya faru.

Baba Takawa tsohon gardi ne, ɗan sandan gwamnati tun zamanin Nasara. Ya san ubana. Kullum da yamma can yake shan shayi da ajidan, babban jandarman garin nan, kowa ya sani, shi ma ba ya ɓoyewa. Wasan jika yake da yarinyar, yana ce mata amarya. Ina tsaye ina duba tayar keke ta hito daga bayan gida da kwano wayam, sai ya leƙo ta kan katanga.

“Amaryata, kin ƙi ni kwana biyu. Kin samu saurayi ko? Matso in gan ki. Kai! Wanga wari hwa? Amarya da warin albasa? Na sake ki.”

“Ni ma na sake ka. Ba ka da haƙora.”

“Ka ji ta! To wa kike kai ma tuwo, ga mijinki nan da yunwa?”

“Kawu.”

“Wane Kawu?”

“Kawu na cikin albasa.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce: “Halidu, ka ji ɗiyarka? Albasarka ta yi albarka bana, har kawu ta haihwa.”

Na ce bunsuru ne, shi take kira Kawu, saboda gemun. Ban san daga inda maganar ta zo mini ba. Na yi dariya ni ma, na ji muryata kamar ta wani.

Ya ce: “To madalla. A gaida Kawu. A ce mishi zahi ya yi yawa bana, shi riƙa shan ruwa.”

Ya koma kan kujerarshi.

Juma'a 9, da sahe

A ce mishi shi riƙa shan ruwa. Bunsuru ake gaya wa haka?

Juma'a, bayan masallaci

Mun yi sahu ɗaya da Baba Takawa. Bayan sallama ya ba ni hannu, ya tambayi farashin albasa a Abijan. Na duba huskarshi da kyau. Huska ce ta tsoho, da tsage da furfura. Ni da nike karanta ɗan kasuwa tun daga yadda ya taɓa buhu, ban karanta komi ba.

Ba a zo ba.

Asabar 10, da hantsi

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Na kira ta. Ban faɗi sunan ba, na ce “ke, zo”. Cima tana tankaɗe, ta ɗago kai, ta ja gyale ta ruhe baki don kunya, kamar na tuɓe a kasuwa.

Ni ba jahili ba ne. Mushen da ya koya muna kimiyya a kwaleji ya ce kowane abu sai an gwada shi kahin a yarda. Na ɗauko dabino guda, da ƙwarya, da gwangwanin tumatir. A gaban su biyu na kihe ƙwarya kan dabinon. Na ce wa Cima ta shiga ɗaki ta saki labule. Da ta shiga, na ɗauke dabinon na sa cikin gwangwani, yarinyar tana kallo.

Na ce: “In innarki ta hito, ina za ta nemi dabino?”

Ta nuna gwangwani.

“Innarki ta ga sa'ad da na sa shi nan?”

“A'a.”

“To ina ta bar shi da za ta shiga ɗaki?”

Ta nuna ƙwarya.

“Yauwa. To in ta hito, ina za ta duba?”

Ta nuna gwangwani. Ta kalle ni kamar ni ne ban gane ba. Ta ce: “Ai nan yake.”

Na sake, na canza da goro, na canza da maɓallin riga. Duk ɗaya. Ba wauta ba ce, don ba abin da ta manta. Ta san inda abin yake da, ta san inda yake yanzu, ta san uwar ba ta gani ba. Abu ɗaya ne babu: ba ta san cewa kan wani ɗaki ne dabam da nata ba, mai ƙofarshi, wanda abin da ba a shigar ba ba ya ciki. Gare ta duk abin da ke kanta yana kan kowa. To in haka ne, mi za a ce mata ta ɓoye, kuma ga wa?

Na tuna hoton ƙwaƙwalwa da ke manne a bangon ajinmu, mai kama da hanjin rago da anka naɗe. Akwai wani wuri a nata da bai nuna ba tukuna. Na san albasa, daga ciki take ƙara ɓawo, ko ka cika ta da ruwa ba ta yin sauri, ruɓa kawai za ta yi.

Cima ta ce: “Maigida, hankali kamar haƙori na, da lokacinshi yake hitowa.”

Na ce ajidan ba ya jiran haƙori.

Yarinyar ta cinye dabinon.

Lahadi 11, bayan la'asar

Ba a zo ba.

Litinin 12, da azahar

Jandarma sun ɗauki telan bakin tasha. Shi ma shekara biyu da sunka wuce ya dawo daga can. Ina wajen ana awon buhuna motar ta tsaya. Ba su yi ihu ba, ba su taɓa kowa ba. Ya tashi ya bar rigar wani a ƙarƙashin allurar keke, ya bi su. Mai gidan da ya ba shi haya ma an ce shi biyo baya gobe da katidantenshi, katin shaidarshi.

Mai gidan da ya ba shi haya. Haya kawai.

Na dawo gida na tarar da ita a zaure tana gaya wa mai tallar fura cewa kawunta ya iya kukan raƙumi. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi wa ɗan dako ba. Ta saki fitsari a tsaye. Mai furar ta ɗauki ƙwaryarta ta hita ba sallama.

Litinin, gab da magariba

Na je rudu kamar mai duba ruɓa. Zahin da ke ciki ya buge ni tun daga ƙofa. Bilal ya rame, idanunshi jawur saboda albasa, amma bakin nan na nan. Tun ina neman yayarshi yake ce mini patoro, wato ubangida, don ba'a.

“Patoro, har nan na ji muryarka. Jandarma ma sun hi ka tausayi.”

Na ce ta kusa kashe mu duka.

“Ta kusa kashe ni dai. Kai motarka za ta kashe.”

Na ce shi kiyayi bakinshi, a gidana yake.

“A albasarka nike. Bar yarinya da ni. Tsawa ba ta koya wa yaro komi sai gudu.”

Ya ce wasa suke yi in ta kawo tuwo. Ya dunƙule tsakuwa a hannu ɗaya, ta faɗi wane hannu. Sannan ita ta ɓoye, shi ya faɗi. Na ce to, tana iyawa? Ya yi dariya ba sauti. Ya ce in ta ɓoye, sai ta miƙo hannun mai tsakuwar kaɗai, ta ce “nan take”, tana murna.

Na ce ka gani.

Ya ce: “Jiya ta miƙo hannu biyu.”

Wai wannan ne labarin da zai kwantar mini da rai. Hannu biyu.

Talata 13, da sahe

Ban ci komi ba. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai in tashi in leƙa.

Laraba 14, bayan la'asar

Baba Takawa ya aiko wa yarinyar alawa. Ta kan katanga ya miƙo, ya ce: “Guda taki, guda ta Kawu.” Ina zaune ƙarƙashin icen bedi, ya dube ni ya yi murmushi da dasashi.

Ko ya sani yana ja mini kunne, ko ya sani yana wasa da ni kamar kyanwa da ɓera, ko bai san komi ba tsufa ne kawai. Na juya ukun nan wuni guda. Ranar Asabar ina yi wa yarinya gwaji don ba ta san abin da ke kan wani ba. Ni hwa? Na san kan tsohon ɗaki ne dabam. Sanin ya amfane ni da mi, tun da ba ni da mabuɗi?

Alhamis 15, da hantsi

An tsare kamiyo a shingen hita gari, da lodi cikakke. Surajo ya zo a guje. Sun sauke buhuna, sun soka ƙarfe cikin waɗanda sunka bari, sun leƙa har akwatin kayan gyara. Ba su samu komi ba. Amma sun riƙe takardun mota. Sun ce mai ita shi zo da kanshi wajen ajidan, ba gaggawa.

Shekara shida motar nan tana bin hanyar nan, ba a taɓa sauke mini buhu ba.

Na gaya wa Cima, na ce kin ga da na bi shawararki. Tana yi wa yarinyar kitso, hannunta bai tsaya ba.

Albasar tana rana a bakin shinge.

Juma'a 16, bayan azahar

Ban je ba.

An sha sukarin shayina. Cima ta tambayi yarinyar, ta ce akuya ce. Ga sukari a leɓenta har hanci. Cima ta juya baya kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko mi. Ni ban ga abin dariya ba. Wadda ba ta iya goge bakinta ba, ita za ta tsaya gaban mai kaki?

Asabar 17, da magariba

Ban je ba. Surajo ya ce buhunan sama sun fara zubar da ruwa.

Ya Allah. Ni na gina gidan nan, tubali bisa tubali. Ɗan wani ya tahi yawonshi, ya dawo da wuta a gindin riga, ya zo ya zauna kan karana.

Astagfirullah. Ɗan'uwan matata ne.

Amma ni na gina gidan nan.

Lahadi 18, da la'asar

Yalwa. Sunanta ke nan. Na rubuta, ba wanda ya gani.

Yau da na dawo daga masallaci ta kawo mini buta ba a aike ta ba. Ta ajiye, ta ja baya, ta tsaya. Goshin tsohuwata gare ta. In anka tahi da ni, wa zai riƙe su? Dangin Cima ba su da abin da za su ci su kansu. Mutum ɗaya a gefe guda, mutum uku da gida a gefe guda. Ko ɗan aji ɗaya ya iya wannan lissahi.

Litinin 19, bayan azahar

Na je.

Ofishin yana da fanka. Ajidan mutum ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya sa anka kawo ruwan sanyi. Mun yi Faransanci, ya yaba nawa, ya ce da na ƙare kwaleji da yanzu ina wani buro, wato ofis, a Yamai. Ya ce shi ya san bambancin mai laihi da mutumin kirki da anka ɗora wa kaya. Ya ce mutumin kirki ba ya rasa hanyar sauke kayan.

Ba ni rubuta sauran.

Takardun mota sun dawo hannunmu. Surajo ya kama hanya.

Alhamis da hantsi za ni Bouza ganin wani mai albasa. Ba ni gida. Abin da zai faru ba ni gida, ba ni na yi ba. An yi mini alkawari ba za a ɗaga wa mace murya ba, kuma za a ce bincike ne na unguwa duka.

Na biya ta kanti na sayo wa Cima turmin atamfa. Ta tambayi inda na wuni, na ce tasha, wani ɗan'uwan Surajo ya karɓo muna takardun. Ta ce an gode. Yarinyar tana zaune bakin murhu, ta bi ni da ido har na shige ɗaki.

Talata 20, da sahe

Ba ni zuwa rudu. Ba abin da za ni yi can.

Talata, bayan la'asar

Cima ta kira mata su tsince mata albasar da ta fara ruɓa, wai warin ya ishe ta. Na ce ba yanzu ba, kin manta wa ke ciki? Ta ce ta ja shi can ƙurya ta ruhe da tabarma, kuma ita za ta riƙa miƙo musu daga ƙofa, in ba a tsince ba maƙwabta za su fara tambaya. Ban ja maganar ba. Mi ya rage da za a lalata? Na bar musu gidan, don namiji ba ya zama cikin mata suna aiki. Na zauna shagon mai gyaran rediyo har sunka hito da kwanduna a ka, lulluɓe da zannuwa saboda rana, sunka yi hanyar bayan gari.

Laraba 21, da hantsi

Daga ƙarƙashin bedi ina ganin ta. Ta ɗauki kwanon da 'yar tsanarta, ta yi bayan gida, ta sunkuya ta shige. Ina jin muryarta sama-sama, tana surutu, ta yi shiru, ta yi dariya. Ta jima. Ta hito da kwano wayam.

Da za ta wuce na ce: “Ke. Ya ci?”

“Ya ci.”

“Yana lahiya?”

“Ya ce zahi.”

Na ba ta dabino. Ta karɓa da hannu biyu.

Laraba, da magariba

Ta sake kaiwa. Na sake tambaya. Ya ci.

Na so in ce ta gaya mishi wani abu. Ban samu abin ba.

Gobe Bouza.

Alhamis 22, Bouza, da azahar

Mai albasar yana ta magana, ban ji ko kalma ba. A raina ina lissahi: yanzu jandarma sun shiga zaure. Yanzu sun wuce rijiya. Ko an sa yarinyar a ɗaki? Na manta ban ce a sa ta a ɗaki ba. Wa zan ce wa?

Alhamis, Madawa, bayan la'asar

Motar jandarma tana ƙofar gidana da na sauka. Ba su tahi ba. Ajidan yana tsaye tsakar gida, hularshi a hannu. Rudu a yashe, an zare karan gefe guda, albasata warwatse har garken awaki, awaki na ci.

Ba kowa ciki. Ba tabarma, ba buta. Albasa kawai.

Ya ja ni gefe. Yau ba Faransanci. Ya ce: “Halidu, ni ka mai da abin wasa?” Na rantse. Na ce jiya da magariba ma an kai mishi tuwo, da idona na gani. Ya ce wa ya kai? Na juya.

Tana riƙe da zanen uwarta. Ajidan ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya.

“'Yan mata, wa kike kai ma tuwo can ciki?”

“Kawu.”

“Yauwa. Ina Kawun yake?”

Ta saki zanen, ta taka har garke, ta dafa bunsuru a wuya.

Ta kan katanga Baba Takawa ya ce: “Ranka shi daɗe, ai na gaya maka tun wancan mako. Bunsuru na. Uban da bakinshi ya faɗa mini.”

Ajidan ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wando. Ya ce in kawo takardun motar da kaina ranar Litinin, in zo da bargo, don maganarmu za ta yi tsawo.

Juma'a 23, da sahe

Cima ta share tsakar gida, ta tara albasar da ta tsira, ta kawo mini kunu. Atamfar tana kan akwati yadda na ajiye ta, ba a kwance ƙullin ba.

Na ce tun yaushe?

Ta ce: “Kunun zai huce.”

Matan Talata. Bilal siriri ne, kuma ba ni da al'adar kallon matan mutane. A gabana sunka wuce, shi a tsakiyarsu lulluɓe da zane.

Na ce wa ya gaya miki? Tsohon?

Ta ce ba wanda ya gaya mata sai ɗiyata. Ranar Litinin ɗiyan maƙwabta sun tahi da ita injin niƙa, wanda ke kallon ofishin jandarma. Ta ga shigata, ta ga hitata, ajidan na ba ni hannu a ƙofa. Da na dawo na ce tasha na wuni, tana ji. Sai da na shige ɗaki ta matso kunnen uwarta ta ce: “Inna, Baba ba tasha yat tahi ba. Ke ba ki gani ba, shi ya sa ba ki sani ba.”

Cima ta faɗi wannan tana kallon ƙasa. Sannan ta ɗauki tsintsiyarta.

Asabar 24, da azahar

Bargo. In zo da bargo.

Ban san abin da tsohon ya sani ba. Yau ma ya gaishe ni ta kan katanga, ya tambayi lahiyar amarya.

Lahadi 25, bayan la'asar

Na gaya wa Surajo abin da zai yi in ban dawo gobe ba. Na nuna wa Cima inda takardar gida take. Ta saurara, ta ce Allah shi kiyaye. Ina jin da gaske take. Ina ji dai.

Yarinyar tana wasa ƙarƙashin bedi. Na je na tsuguna kusa da ita, a tsakar gida, da rana tsaka, kowa na iya gani. Ba ta gudu ba.

Na ce: “Ranar Laraba da kika shiga rudu, da wa kike magana?”

“Ba kowa.”

“Tuwon hwa?”

“Na ba awaki ta ƙasan kara.”

“Innarki ta ce ki riƙa surutu da dariya?”

“A'a. Inna ta ce in kai kwano kawai. Ni na ga kana saurare.”

Na ce to don mi da na tambaye ki kika ce ya ci?

Ta dube ni sosai, ba tsoro, ba hushi. Ta ce: “Ni na sani, Inna ta sani. Kai ba ka sani ba. In ka sani za ka faɗa.”

Ta koma ga wasanta. Na daɗe a tsugune.

Bargon yana bakin ƙofa. Cima ce ta naɗe shi.